Robobin da Ban Yi wa Kuɗi Ba

Mu shida ne a gidan ran nan. Akwai ni. Akwai ƙanena, wanda muke ciki ɗaya da shi, ni na goye shi bayan Inna ta yaye shi. Akwai matarsa, da uwarta, wadda ta zo daga Bukkuyum duba jikoki ta tarar da abin da ba shi ta zo nema ba. Akwai Bafillatanin da ke yi wa gidanmu kiwo tun Baba na da ƙarfi, yana tsugune a bakin zaure ta ciki, sanda a kan gwiwa, don ƙanena ya ce kada ya tafi sai ya maimaita maganarsa gaban kowa. Ta shida malamar asibiti ce, Kirista, daga can kudancin Kaduna, tana haya a gidan da ke jikin namu. Ita ba a kira ta ba, ihu ta ji ta shigo da tsintsiya a hannu. Yara kuwa uwarsu ta kora su maƙwabta tun da ta ga idon ubansu.

Shekarar da soja suka canza kuɗi ce, cikin bazara, bayan azahar. Damina biyu a jere gero bai yi ba. Rumbun ƙanena ya kai ƙasa, har an fara share gindinsa. Da safiyar ran nan ya tafi ruga don ya karɓo saniya ya sayar ya auno hatsi. Saniyar ta ɗiyarsa ce ta fari. Ranar sunanta Baba ya nuna wata karsana ya ce ta jaririya ce, ta yi ta haihuwa har ranar da za a yi wa yarinyar kayan ɗaki. Ƙanena duk rani yana kudu wajen ci-rani, bai taɓa zuwa ya gani da idonsa ba, a zuciyarsa dai karsana ta zama garke. Da ya isa ruga sai Bafillatani ya ce masa ai shekara bakwai ke nan da matarsa ta aiko ƙanenta ya kora karsanar kasuwar Gummi, ta ce da sanin maigida.

Robobi ta saya da kuɗin.

Sai na faɗi yadda abin yake, don 'yan yanzu ba za su gane ba. A wajenmu uwa tana fara tara wa ɗiya kayan ɗaki tun tana goye da ita. Langa ɗaya bana, tasa biyu baɗi, fanteka in an samu hali. Kwano ba ya ci, ba ya sha, fari ba ya kashe shi, kuma ranar tsanani sai mace ta ɗauko ɗaya ta ba dillaliya a ci abinci. Ni ce dillaliyar. Tun rasuwar mijina nake yawo da kaya a ka, Anka, Gummi, Bukkuyum da ƙauyukan da ke tsakani. Ana kirana ranar jere, ana kirana ranar rabon gado, in faɗi abin da kaya suka kai. Ban taɓa ƙara wa kwano ko rage masa don fuskar mai shi ba. Ba a sona sosai, amma ni ake kira.

Da roba ta shigo kasuwanninmu mata suka haukace. Ja, kore, ruwan ɗorawa, shuɗi irin na bula. Ba ta tsatsa, fenti ba ya ɓamɓarewa, in ta faɗi sai ta yi tsalle ta zauna lafiya. Muka ce ai wannan ta fi langa, har jikoki za su gada. Ni ma na faɗa. Matar ƙanena ta riƙa kirana in zaɓa mata, na ɗauka kuɗin man gyaɗar da take yi ne. Na ga kayan sun fi ƙarfin man gyaɗa, ban tambaya ba. Kuma ni na ce mata, da bakina, duk bayan damina ta fito da su ta shanya kwana uku kamar yadda ake yi wa ƙore, kada su yi hunhuna. Mace ce mai jin magana. Shekara bakwai tana hawa da su kan rumfa, in ta sauko da su ta mayar can sama ƙarƙashin kwanon rufi, inda ko ƙadangare ba ya zama da rana. Sai da na yi shekaru ina taɓa roba na gane rana ce ajalinta. Na gaya wa matan wasu gidajen. Ita ban gaya mata ba. Ina jin nauyin janye maganata gaban matar ƙanena, gaskiyar ke nan.

Da aka aiko mini na shiga, na tarar ya riga ya fara. Ɗankwalinta na ƙasa, leɓenta ya fashe, gefen fuskarta ya tashi. Ya sauko da kayan duka ya watsa a tsakar gida, darurruka, bokitai, kofuna, farantai, mazubai masu marfi, tun daga ƙofar ɗaki har gindin turmi. Tsohuwa na tsaye tsakaninsu ta buɗe hannuwa. A garinmu suruki in ya hango uwar matarsa a hanya sake hanya yake yi. Ran nan ta saman kanta yake magana.

"Yaya, zo ki diba min," ya ce. "Ga saniyata nan. Ga ta ja, ga ta kore. Tatso min nono in ba ɗiyana."

"Rage murya, ɗan Inna. Surukakka na tsaye."

"Na gane ta. Ta tsaya ta ga abin da tah haihwa."

Ya juya wajen zaure ya ce Bafillatani ya faɗi abin da ya faɗa masa a ruga. Tsohon ya faɗa, idonsa a ƙasa. Sannan ya ƙara da cewa, "Useni, maigida, a yi haƙuri. Bana fari bai bar min rabin garke ba. Da ta zauna ma, wa ya san ko tana cikin waɗanda sunka kwanta?"

"Ban tambaye ka wannan ba."

Matar ta share jinin leɓenta da bakin zane. "Ɗiyakka nis saya ma," ta ce. "Ban ci ba, ban sa a wuya ba. Ko hura ban taɓa damawa cikin guda ba. So kaka yi ta tahi gidan miji da ƙwarya biyu kamar wadda ba ta da uwa?"

Ya miƙa hannu ta gefen tsohuwa ya damƙo gashinta ya jijjiga, tsohuwa ta riƙe masa riga har ta yage. Malamar asibiti ta yi ihu ta ce za ta kira 'yan doka. Ko kallonta bai yi ba. Ya saki gashin ya nuna ni.

"Yaya ba ta ƙarya, duk garin ga an sani. Ki yi musu kuɗi. In kin ce sun kai saniya, na haƙura, in kai su kassuwa in auno hatsi. In kin ce ba su kai ba, wallahi na sake ta, ta bi uwatta Bukkuyum yau, ba da ɗa ko guda ba."

Igiya ɗaya ta rage a tsakaninsu. Biyu sun tafi tun suna da ƙuruciya, a kan abin da yanzu ba mai iya tunawa. Duk wanda ke gidan ya san haka, har malamar asibiti, don mata sun gaya mata. In wannan ta tsinke ba ta da sauran hanyar komawa ɗakinsa.

Na tsuguna. Ban yi boko ba, ban san abin da ake rubutawa a gindin roba ba, amma na san zanen kowace, mai zobe biyu, mai zobe ɗaya da ɗigo, da wadda ba ta da kome, wadda ake narka tsofaffin takalma a yi. Ina ɗalla ta da farce in saurara: mai kyau murya ƙasa-ƙasa gare ta kamar ƙwarya mai kauri, marar kyau kas-kas take yi. Ina sunsunawa. Ina ɗaga ta sama in ga yadda haske ke ratsa ta. Ina lanƙwasa bakinta in saki, in ga ko za ta koma.

"Yaya, hwaɗa mai," matar ta ce. "Ke kiz zaɓa min su. Ko ƙura ban bari ta zauna musu ba." Har murmushi ta yi da fasasshen leɓe. Ita ta gaskata sun kai, har sun wuce.

Na jawo babban daro ja. Gefe ɗaya ya koɗe ya zama kamar tsokar da ta kwana cikin ruwa. Na goga babban yatsa, ya fito da gari. Na danna bakinsa kaɗan, ba da ƙarfi ba, sai na ji ƙas, tsaga ta tafi har tsakiya. Na rufe wurin da tafin hannu na kife shi. Na jawo bokiti, mariƙinsa ya biyo hannuna. Kofuna na ɗalle su ɗaya bayan ɗaya, duk muryar busasshen kara. A cikin tulin nan gaba ɗaya huɗu kawai na samu masu rai, mazubai masu kauri da marfi, waɗanda take shanyawa a cikin manya, rana ba ta same su ba. Akwai kore a ciki, mai zobe biyu, irinsa ya daina zuwa kasuwa, mata na nemansa. Duk da shi, in an haɗa kayan nan duka ba za su sayi bunsuru ba.

Malamar asibiti ta durƙusa kusa da ni kamar tana taya ni jerawa. Ta yi ƙasa da murya, da Hausarta ta baƙi. "Mama, ki ce ya kai mana. Wane ne zai sani?"

Wanda zai sani shi ne mutum na farko da zai taɓa daron nan a kasuwa. Za a yi wa ƙanena dariya gaban jama'a, ya dawo da buhun fasassun robobi babu hatsi, kuma ranar ba ni a gidan, ba tsohuwa, ba Bafillatani a bakin zaure. Na san shi. Ƙarya kwana uku kawai za ta saya mata.

"To?" ya ce.

"Ina dibawa."

"Kin diba. Mi kika jira? Hwaɗi."

Na dafa gwiwa na miƙe kamar mai son miƙar da baya. Taɓarya na jingine da turmi, taku biyu daga inda nake. Na ɗauke ta da hannu biyu na sauke a kan jan daron nan.

Ya tarwatse kamar tsohuwar tukunya. Na sake ɗagawa na sauke kan bokitai, kan farantai, na bi kofuna ina daka su kamar ina sussuka. Gutsattsari na tashi sama suna sauka a kan rumfa, wani ya yanki tsohuwa a ƙwauri, jini ya gangaro mata har dunduniya, ba ta ma sani ba. Da farko ba wanda ya motsa. Sai matar ta yi wata ƙara da ban taɓa jin irinta ba sai a ɗakin haihuwa, ta ɗare bayana, ta shaƙe mini wuya da hannu ɗaya, ta kafa haƙora a kafaɗata. Na ji sun shiga. Shekara ashirin ina ɗaukar kaya a ka daga gari zuwa gari, ita kuwa ta yi wata biyu tana rage cinta don yara. Na girgiza ta faɗi a kan tarkace, na ci gaba.

Huɗun nan masu rai suka ƙi. In na daka sai su lotsa su yi tsalle su koma yadda suke. Ni na zaɓe su, na san ba za su fashe ba. Akwai wuta a murhu, an ɗora tukunyar ganyen tafasa, abin da za a ci ran nan ke nan. Na ture tukunyar da ƙafa, na kwashi mazuban na cusa su cikin garwashi. Koren na sa a ƙarshe. Hannuna ya tsaya kaɗan a kansa, ba zan ɓoye ba.

Baƙin hayaƙi ya tashi, mai wari, ya cika gida. Ban ga tasowar matar ƙanena ba. Sai dai na ga hannunta cikin wuta, ta fizgo koren, ya taho yana zuba kamar ƙaro, ya naɗe mata yatsu ya gangara wuyan hannu yana ci da wuta. Ta riƙa zagaya tsakar gida tana yarfe hannu, abin ya ƙi fita. Malamar asibiti ce ta kama ta ta ƙugu ta ja ta zuwa randa ta tsoma hannun har gwiwa. Da robar ta daskare aka ɓamɓare, da fata ta fito.

Duk wannan ƙanena na tsaye, baki buɗe. Sai lokacin ya dawo cikin hankalinsa, ko in ce ya fita.

"Kin hwasa min dukiya? Abin da zan ciyad da ɗiyana? Nawa sunka kai? Hwaɗa min nawa sunka kai!"

"Ba ni yi wa tarkace kuɗi."

Ya kama taɓaryar. Muka ja, ni da shi, ƙafafunmu na murƙushe gutsattsari. Ya murɗe ta daga hannuna ya ɗaga. Na kare kaina da hannun dama. Ta sauka a tsintsiyar hannun, na ji ƙashi ya amsa, kanta kuma ya zarce ya fasa mini gira. Na faɗi da baya cikin fasassun farantai, suka shiga mini tafin hannu da gadon baya. Jini ya rufe mini ido ɗaya. Da ɗayan na ga ya sake ɗagawa.

Bafillatanin nan shekara talatin yana zuwa gidanmu bai taɓa wuce zaure ba. Ran nan ya wuce. Ya zuba wa ƙanena sanda a wuyan hannu, taɓarya ta faɗi, ya ƙara masa a bayan gwiwa kamar yadda suke kayar da maraƙi, ya durƙushe.

"Accu! Bari!" ya ce. "Wagga ta goye ka! Da idona nig gani!"

Tsohuwa ta rarumo muciya ta hau shi da duka, a baya, a wuya, a ka, tana zaginsa tana zagin ranar da ta amshi goron aurensa. Bai kare ba. Yana durƙushe yana kallona, muciya na sauka, har ta karye. Ya rarrafo ya miƙo hannu.

"Yaya..."

"Kada ka taɓa ni." Na tofar da jinin da ya shigar mini baki. "Ka tambaye ni kuɗinsu, ban hwaɗa ba, kuma ba ni hwaɗi har in shiga rami. In sakinta kaka so, ga ta nan, ga uwatta. Sake ta da bakinka, kada ka ari nawa."

Muka jira shi. Ya dubi matar, tana zaune gindin randa hannu cikin ruwa. Ya dubi ni. Bai furta sakin ba. Sannan ya tashi da ƙyar ya zaga bayan rumbu, muka ji yana kakarin amai, alhali tun safe bai ci kome ba. Daga nan ya fita zaure ya zauna har aka kira la'asar, bai je masallaci ba, bai dawo ciki ba.

Malamar asibiti ta ɗauko akwatinta. Ta fara da hannun matar, sannan ta ɗinke mini gira, ta cire mini gutsattsarin roba daga baya da ɗan hantsaki tana jefawa a faifai, ta ɗaure mini karyayyen hannun da kara biyu kafin a kai ga mai ɗori. Tana yi tana kiran Yesu tana ce mini, "Mama, ke mugun mutum ne." Ban musa ba.

Matar na kwance a tabarma, fuska wajen bango. Ba ta juyo ba ta ce, "Allah ya isa tsakanina da ke. Shekara bakwai ina tarawa. Sun kai, wallahi sun kai. Hassada kika yi min, don ke ba ki da ɗiyar da za ki tara ma."

Maganar ta shiga inda ta nufa, don gaskiya ne ba ni da ɗiya. Da na ce mata ba su kai ba, to na faɗi kuɗin ke nan, kuma zaure ba nisa. Ta yi shekara huɗu ba ta gaishe ni ba. Yatsunta biyu sun manne, da su ta yi sauran rayuwarta a wannan ɗakin, ta ƙara haihuwa uku. Hatsin shekarar kekensa ya sayar ya auno. Ni kuma har yau in hadari ya taso hannun nan ne ke fara gaya mini.

Washegarin ran nan da gari ya yi haske na rataye hannun a wuya da tsohon ɗankwali, na ɗauki buhu na koma gidan. Na tsaya a bakin zaure na duba tukuna. Ƙullin tsohuwa na bakin ƙofa, nata ita kaɗai. Takalman matar na inda suke kwana. Ita tana durƙushe gaban murhu tana hura wuta, hannu ɗaya a naɗe. Na gaishe ta, ba ta amsa ba.

Ba wanda ya share tsakar gidan. Na share da hagu. Akwai wata dillaliya a Anka, ita ma ido gare ta, in aka kai mata gindin roba kawai za ta faɗi irinta da girmanta da abin da ta kai, ƙanena kuwa in yunwa ta ƙara matsa shi zai iya tunawa da ita. Saboda haka na bi gindayen nan ɗaya-ɗaya na tsince. Na leƙa ƙarƙashin rumbu, na duba bayan randa, na sa gora na kakkaɓo na kan rumfa. Na jira ta gusa daga murhu na tona toka na ciro dunƙulen da ya narke. Na ɗaure buhun da haƙori da hannu ɗaya, na ɗora a ka, na fita bayan gari wajen kududdufin da ake ɗibar ƙasar gini, wanda ya ƙafe tun kaka. Na tona rami da guntun kasko, na juye, na mayar da ƙasa na tattake da ƙafa har wurin ya yi daidai da sauran. Daga nan na wuce gidan mai ɗori.